Jel ɗin cire fenti mara wari: yadda ya yi min a kabad ɗin Umma

Maganin cire fenti irin na jel, wanda ake tallarsa da cewa ba ya wari kuma ana iya aiki da shi a cikin ɗaki, yana cire fenti da gaske. Na yi amfani da shi a falona da ke saman bene a nan Kano, muna kwana a gidan, muna girki a gidan, kuma ya fito min da katakon da aka binne da fenti tun ina yarinya. Amma ba zan ce kowa ya ruga ya saya ba sai ya ji sauran bayanin. Abu ne mai cin kuɗi da cin lokaci, sannan rashin warin nasa shi ne ke sa mutane su saki jiki da shi fiye da yadda ya kamata.

Da gangan na ƙi kama sunan kamfani. Masu yin sa suna da yawa, wani a roba, wani a gwangwani, wani launin lemu, wani fari, kuma sunan da ke gaban robar ba shi ne abin dubawa ba. Abin da ya raba su yana baya, an rubuta da ƙananan baƙaƙe. Nawa mai launin lemu ne, mai kauri, yana ɗan ƙamshin ɓawon lemu, babban sinadarinsa kuma shi ne wanda aka rubuta benzyl alcohol. Duk abin da zan faɗa a kan irin wannan ne.

Kabad ɗin na cikin kayan ɗakin auren Umma ne. Katakon maɗaci ne zalla in ban da bayansa, sama gilashi inda ake jera tasoshi da kwalla, ƙasa ƙofofi biyu masu sassaƙar furanni. Asalinsa banish ne a jiki. Daga baya aka shafe shi da fentin mai ruwan ƙasa, lokacin bikin Yayarmu kuma aka bi shi da fari mai sheƙi don ya dace da labule. Da ya dawo hannuna farin ya koma ruwan madara, ya fashe a gefuna, sassaƙar ta cike har ba a gane fure ne. Ranar da aka hau da shi bene sai da ƙarti suka yi gumi, aka kuma gogi bango, don haka maganar a sauke shi a kai wurin kafinta ba ta taso ba.

Kafintan da muke hulɗa da shi, dattijo ne da ya san aikinsa, ya zo ya duba ya ƙwanƙwasa katakon, ya ce: "Hajiya, wannan ai ba a samun irinsa yanzu. Amma in dai a nan za a yi, sai ku kwashe yara ku bar gidan. Rimuba ba ta da wasa." Ya fito da gwangwanin rimubar, wato maganin cire fentin da yake aiki da shi, daga jakarsa, na juya bayansa, na ga an rubuta methylene chloride. Autana yana da asma, ko turaren wuta aka cika sai ya kwana yana tari. Nan take na ce a'a.

Ya dace a san dalilin da ya sa ake gudun wannan tsohuwar rimuba a cikin ɗaki, domin ba warin ne kaɗai matsalarta ba. Sinadarin methylene chloride, wanda wasu gwangwanaye ke rubutawa dichloromethane ko DCM, yana tafasa ne a digiri 40, wato zafin da muke gani a Kano a watan Afrilu. Ana buɗe shi ya fara tashi. Tururinsa ya fi iska nauyi, sai ya kwanta ƙasa-ƙasa, daidai inda mai aiki ya sunkuya da inda yaro ke rarrafe. Idan ya shiga jiki, hanta tana mayar da wani ɓangarensa iskar nan mai guba da ke hallaka mutane idan an kunna janareta a cikin ɗaki. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce aƙalla mutum 88 ne suka mutu sanadiyyarsa tun daga 1980, da yawansu suna cikin cire fenti a wuri rufaffe kamar banɗaki. Tarayyar Turai ta zartar da hana sayar wa jama'a rimuba mai wannan sinadari a 2009, Amurka ta bi a 2019, sannan a 2024 ta faɗaɗa hanin zuwa yawancin ayyukan da ake yi da shi. Gaskiya ne babu abin da ya kai shi sauri, cikin minti kaɗan yake ɗaga fenti, shi ya sa masu sana'a ke son sa. A fili, ƙarƙashin bishiya, ga wanda ya san kansa, wannan magana ce daban. A falo kuwa ban yarda ba.

Sauran hanyoyin biyu da kafintan ya kawo su ne injin samfefa da ƙona fentin da wuta. Su ma na ƙi, saboda dalma. Shekaru da yawa ana zuba dalma a fentin mai don ya yi launi mai kyau ya kuma bushe da wuri, Amurka ma sai a 1978 ta hana ta a fentin gidaje. Duk tsohon fentin mai ni dai ina ɗaukarsa a matsayin mai dalma. Samfefa tana mayar da shi ƙura, wuta tana mayar da shi hayaƙi, kuma ƙurar nan ce ke sauka a kafet da hannun yara. Mu a Arewa ba sai an yi mana dogon bayani a kan ƙurar dalma ba: a 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum, saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Can ma'adini ne, nan fenti, amma gubar ɗaya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da za a kira mara illa a jinin yaro. Babban alherin jel a wurina ke nan, ya ma fi rashin wari: fentin yana fita a jiƙe, ya dunƙule, babu abin da ke tashi sama.

Maigidan ne ya samo min shi bayan ya zaga shagunan fenti, domin ba kowane shago ke ajiye shi ba, kuma da yawan masu shagon idan an ce mara wari sai su miƙo tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi. Kuɗinsa ya fi na rimubar da aka saba nesa ba kusa ba.

Kafin na taɓa fuskar kabad ɗin na gwada a gefen da ke jingine da bango. Lokacin hunturu ne, iska a bushe. Na shafa wuri biyu da tsohon burushin fenti, ɗaya na bar shi a buɗe, ɗaya na manna masa leda. Wanda ke buɗe ya yi ɓawo kafin la'asar, ya ɗan taɓa farin saman ya tsaya nan. Wanda ke cikin leda kuwa, da na leƙa da safe, fentin ya kumbura ya yamutse kamar saman kunun da ya huce, na sa abin kankara na tura a hankali, sai farin da ruwan ƙasan suka taho tare a naɗe, ga jan maɗaci a ƙasa yana sheƙin danshi. Na daɗe a tsugune ina kallonsa. Tun tasowata ban taɓa ganin ainihin launin kabad ɗin nan ba sai a hoton auren Umma, shi ma baƙi da fari ne.

To asirin aikin ke nan, kuma robar ba ta nanata shi yadda ya kamata: jel ɗin yana aiki ne muddin yana da danshi. Benzyl alcohol ba ya tafasa sai ya haura digiri 200, shi ya sa ba ya saurin tashi, shi ya sa ba ya wari, shi ya sa kuma yake ratsa fenti a sannu. Amma ruwan da aka haɗa shi da shi yana bushewa, a iskar hunturu irin tamu kuwa da wuri. A shafa shi da kauri, a ɗora shi ɗorawa ba a ja shi kamar fenti ba, har sai ba a ganin launin da ke ƙasa. A yanka ledar shara ko ledar naɗe abinci a manna, a bi da tafin hannu a fitar da iska. Robar ta ce daga minti 30 zuwa awa 24. Minti 30 ɗin nan na banish ne shafi ɗaya. Ga fentin mai da aka maimaita, a shafa da yamma a kankare da safe, shi ne abin da ya yi min daidai. Kada kuma a wuce lokacin da aka rubuta, don in ya bushe a jikin katako fentin da ya yi laushi yakan sake ƙanƙamewa, sai an sake shafa wani a kai kafin ya saki.

Kaurin nan shi ke cinye kuɗin. Lissafin mai sauƙi ne: lita ɗaya in aka shimfiɗa ta da kaurin milimita ɗaya, murabba'in mita ɗaya za ta rufe. Ƙofar ɗaki guda, fuska ɗaya kawai, ta kusa murabba'in mita biyu. Wurare da yawa kuma sai an maimaita. Duk wanda ya sayi ƙaramar roba yana tunanin za ta gama masa wadirof, zai koma kasuwa. A auna kayan da tef tun a gida, a yi lissafi, a ƙara rabin abin da aka samu a kai.

Inda yake shimfiɗe, kamar gefuna da saman kabad ɗin, aikin daɗi ne. Na yi amfani da abin kankara na roba, ina bin tsawon jijiyar katakon, domin na ƙarfe yana yankar maɗaci idan ya jiƙa. Sassaƙar ƙofofin ce ta ɗauki yawancin lokacin. A nan ne kuma na fi yaba wa jel ɗin, don ba ya zuba: ƙofar tana tsaye, shi yana maƙale a cikin kowane lungu na furen. Na bi ramukan da tsohon burushin haƙori, inda ya ƙi shiga na sa tsinken tsire, ina zaro fentin zare-zare ina shafewa a jarida. A ƙarƙashin farin sai ga ƙananan ganyayyaki da ɗigo-ɗigo a tsakiyar kowane fure, waɗanda ba wanda ya san da su a cikinmu. Da na tura wa Umma hoton ta kira ni, ta ce: "Ai haka yake, 'yar nan. Mai sassaƙar ya fi wata yana yin ƙofofin nan." Samfefa da ta share su gaba ɗaya.

Maganar wari, a faɗi gaskiya: ba ya hawa kai, ba ya sa hawaye, autana bai yi tari ba. Amma akwai ƙamshi, kuma ƙamshin lemun nan da ke da daɗi a farkon buɗewa yana gundurar mutum idan ya wuni a kansa. Na bar tagogin falo biyu a buɗe, na sa fanka ta tsaye tana hura iska waje ta ɗaya tagar, na rufe ƙofar da ke shiga ɗakunan kwana na toshe ƙasanta da tsumma. Yara ba su shiga falon ba har aka gama. Wanda zai rufe tagogi ya kunna na'urar sanyaya ɗaki don an ce masa ba ya wari, ya cuci kansa.

Abin da ya fi damuna da yadda ake sayar da irin waɗannan kaya shi ne, hanci ba ya iya tantance mai illa da mara illa. Akwai jel marasa wari da aka yi da wani sinadari da ake rubutawa NMP ko N-methylpyrrolidone. Kusan ba a jin sa, amma yana ratsa fata ya shiga jini, kuma an san yana cutar da ɗan da ke ciki. A 2018 manyan shagunan kayan gini na Amurka irin su Lowe's da Home Depot suka sanar da daina sayar da rimuba mai shi tare da mai methylene chloride. Tsofaffin robobi masu shi ba su ƙare a duniya ba, kuma gabansu iri ɗaya ne da sababbin, har da hoton lemu. Mai juna biyu ko mai shayarwa, in ta ga waɗannan baƙaƙe uku ta ajiye robar. Ni a ganina ma ta bar aikin cire fenti gaba ɗaya sai wani lokaci. Robar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba, ko aka ɗura a wata gora ana sayarwa a buɗe, kada a kawo ta gida ko kyauta ce.

Akwai kuma wani nau'in mara wari da ake yi da soda, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita. Wata maƙwabciyata ta ba ni shawarar in jiƙa soda da kaina in huta da kashe kuɗi. Tana cin fentin mai sosai, amma tana ƙona fata, tana iya makantar da ido, tana sassauta gam ɗin mahaɗar katako, kuma tana baƙanta maɗaci baƙin da ba ya komawa. Ga kayan da za a sake rufewa da fenti wataƙila a jure. Ga wanda ke son ganin launin katakonsa, asara ce.

Shi kansa nawa jel ɗin ba ruwa ba ne. Safar hannu ta asibiti, mai sirantakar nan, ba ta tare shi, yana sa ta yi laushi ta saki. Sai mai kauri irin ta masu aikin sinadarai, wadda ta kai gwiwar hannu. Na sa tabarau na kariya saboda burushin haƙori yana fantsama. Ɗan ɗigon da ya taɓa min wuyan hannu bai yi zafi nan take ba, sai daga baya wurin ya yi ja yana ƙaiƙayi, don haka a ajiye bokitin ruwa da sabulu a kusa. Ƙasa kuma a shimfiɗa leda mai kauri a ɗora kwali a kai. Jarida kaɗai ba ta isa ba, yana ratsa ta, kuma yana narkar da ledar tsakar ɗaki kamar yadda yake narkar da fenti.

Inda ya gaza shi ne bayan an kankare. Yana barin wani danƙo mai santsi a jikin katakon, haɗe da ragowar tsohon banish, kuma wannan danƙon ba ya bushewa da kansa. In aka shafa sabon banish a kai ba zai kama ba, zai yi ta manne wa hannu. Robar ta ce a goge da ruwa ko da man wanke burushi. Ruwa da soson ƙarfe mai laushi ya ɗauke mafi yawa, amma ruwa yana tayar da gashin katako ya yi kaushi, in ya yi yawa kuma ya kumbura mahaɗa. A cikin sassaƙar dole na koma ga man wanke burushin, shi kuwa yana wari. Ashe ke nan ba a raba aikin da wari ɗungurungum, an dai rage shi zuwa ɗan lokaci a ƙarshe. Na yi wannan ɓangaren da safe bayan yara sun tafi makaranta, na fitar da tsummokaran baranda na shanya su a buɗe, nesa da wuta. Fetur kada ma a fara, duk da na san akwai masu yi.

Bayan kabad ɗin falle ne na filawud. Nan jel ɗin bai yi min daɗi ba, danshinsa ya sa fatar saman ta ɗan ɗago a gefe ɗaya, sai da kafinta ya bi ta da gam ya danne. Hannayen ƙofofin na tagulla kuwa na kwance su na jiƙa a cikin gwangwani, suka fito tas. Na kuma gwada ragowar a ƙafar wani gadon ƙarfe da aka fesa wa fentin mota, ya kwana a cikin leda, da safe ko gezau.

Na bar katakon ya sha iska har sai da ya daina sanyi a tafin hannu, ƙamshin lemun kuma ya ɓace ko an kai hanci kusa. A hunturu wannan bai daɗe ba, da damina zai ja lokaci. Sannan na bi shi da samfefa mai laushi da hannu, sama-sama, don kwantar da gashin da ruwa ya tayar. A wannan matakin fentin ya riga ya tafi, ƙurar ta katako ce, amma duk da haka na sa takunkumi na kuma goge da jiƙaƙƙen tsumma. Na rufe da banish mai haɗin ruwa, wanda yake fari a gwangwani ya bushe garau, shi ma warinsa kaɗan ne. Bai ba da zurfin launin nan na banish mai haɗin mai ba, kafintan ma ya faɗa da ya zo gani, amma maɗacin da kansa ja ne, bai buƙaci taimako sosai ba. Ya shafa ƙofar da bayan hannu ya ce: "Hajiya, kin yi haƙurin da mu ba za mu iya ba, mu da ake biya a kan aiki." Gaskiyarsa. Mai sana'ar da ke da kaya goma a jere ba zai jira fenti ya kwana a leda ba, kuma in ya jira, kuɗin aikin zai hau.

Dattin da aka kankaro shi ma abin lura ne, tunda duk dalmar da ke cikin fentin tana nan a ciki. Na tara shi a tsohon gwangwanin fenti tare da jaridun da ledojin, na buga murfin ya kama sosai kafin a fitar. Ba a ƙona shi, ba a zuba shi a kwata, ba a kuma jefa shi a buɗe a bola inda awaki ke kiwo yara ke tone-tone.

Wanda ke da kayan katako na gaske, mai nauyi ko wanda aka kafe a bango, ko ƙarfen bene da firam ɗin ƙofa da ba sa ciruwa, kuma akwai yara ko tsofaffi ko mai ciwon ƙirji a gidan, wannan jel ɗin ya cancanci kuɗinsa. Kayan zamani na garin katako da aka lulluɓe da fomeka ko takarda mai zanen katako kuwa kada a kusance su da shi, babu katakon da za a tono a ƙasa, danshin kuma zai kumbura su su lalace. Fentin ruwa na bango ma ba aikinsa ba ne, kuɗin da zai ci ya fi na sake fentin ɗakin. Ƙofofin ɗakunanmu suna jiran irin wannan gyara, amma su ana kwance su daga maƙalinsu, don haka ƙasa za a sauke su a yi su a fili, da jel ɗin dai, saboda su ma tsohon fentin mai ne a jikinsu.